Shagalin Asabar da Lahadi yana rushe wahalar kwana biyar kuwa?

Baban_Khalil:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da muka yi ta musu a kanta da wani abokin aikina har muka gaji, shi ne na ce bari in kawo ta nan masu sani su raba mu. Daga Litinin zuwa Juma'a ina kiyaye bakina sosai. Ba lemon kwalba, ba soye-soye, ina rage abin da nake zubawa a faranti, da safe kuma ina tattaki kafin in tafi aiki. Amma da an tashi aiki ranar Juma'a sai in saki jiki: nama, kayan zaƙi, cin dare, duk abin da ido ya gani. Shi abokin nawa ya ɗara ni, domin daren Asabar har giya yake ɗorawa a kai, kuma ba kaɗan ba, alhali sauran kwanakin ko ɗigo ba ya sha. Hujjarsa ita ce kwana biyar sun rinjayi kwana biyu, wai jiki jimilla yake dubawa. Da na yarda da shi, yanzu na fara shakka, saboda sikeli ya kafe wuri ɗaya ya ƙi motsi. Shin da gaske ƙarshen mako yana cinye duk wahalar da muka sha, ko kuwa tsorata kanmu kawai muke yi?

Sabo_Ne:
Sikeli ai ya riga ya ba ka amsa, Malam, mu kuma me za mu ƙara? 😂

Mai_Lissafi:
Wa alaikumus salam. Baban Khalil, mu fara gyara wa abokin naka lissafi, don ba kwana biyu ba ne. Mai cin abinci sau uku a rana yana ci sau 21 a mako. Ƙirga daga abincin daren Juma'a zuwa na daren Lahadi, sau 7 ke nan. Kashi ɗaya cikin uku na cimarka yana cikin abin da kake kira hutu.

Sai batun kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. A ce kullum kana rage 400 daga abin da jikinka ke bukata, kwana biyar ka rage 2,000. Asabar ka haura da 1,000, Lahadi ma haka, ka koma sifili. Kuma haurawa da 1,000 ba wani aiki ba ne, ƙarin faranti ɗaya na soyayyen abu, lemo kwalba biyu da yankan kek sun isa. Giram ɗaya na kitse yana da kalori 9, na sitaci ko furotin 4, na barasa 7. Kamar mai tara kuɗi a asusu ne duk mako, ranar Asabar ya fasa ya kashe, Litinin ya sayo sabon asusu yana mamakin me ya hana shi arziki. Abokin naka ya yi gaskiya cewa jiki jimilla yake dubawa. Jimillar ce dai ba ta goyon bayansa.

Gwanin_Karfe:
Ni dai ban yarda a riƙa tsorata mutane ba. Na daɗe ina ɗaga ƙarfe, kuma duk mako ina da ranar da nake cin abin da raina ke so, ba ruwana da awo. Duk wanda ya san ni ya san ba ni da tumbi. Ranar ce ma take sa in iya jure sauran kwanakin, domin in na ga abin daɗi ranar Talata sai in ce da kaina, haƙura, Asabar na nan tafe. Ka cire wa mutum wannan ranar, wata biyu ba zai yi ba zai watsar da komai. Sannan nauyin da kuke gani ranar Litinin yawancinsa ruwa ne. Ku sake hawa sikeli ranar Alhamis ku gani.

Nas_Jummai:
@Gwanin_Karfe maganarka ta ruwa haka take. Idan mutum ya ci sitaci da yawa, jiki yana ajiye wani kaso a hanta da tsoka, kuma kowane giram na wannan ajiyar yana riƙe ruwa kusan giram 3. Ga gishiri da ke cike da abincin waje, shi ma riƙe ruwa yake yi. Ga abincin da bai gama wucewa ta hanji ba. Kafin mutum ya ƙara kilo ɗaya na ainihin kitse sai ya haura da kalori kusan 7,700, don haka wanda ya ga ƙarin kilo 2 ranar Litinin kada ya tada hankalinsa, bai ci rarar 15,000 a kwana biyu ba.

Amma ƙanina, kai kana ɗaga ƙarfe kusan kullum, tsokarka tana cin abin da ka ba ta. Baban Khalil tattakin safe yake yi ya je ya zauna a kujera har yamma. Kuma kai rana ɗaya ka ce, shi kuwa daga yammacin Juma'a ne har daren Lahadi. Ba ma'auni ɗaya za a auna ku da shi ba.

Ummu_Aiman:
Ni ta wani ɓangare nake kallon abin. Kowa na tuhumar Asabar, ba wanda ya tambayi me ake yi ranar Laraba. Akwai lokacin da nake matsa wa kaina ƙwarai a ranakun aiki. Ba karin kumallo, da rana ɗan ganye da ƙwai ɗaya, da dare shayi ba suga. Kafin Juma'a jikina har rawa yake yi, ba abin da nake tunani sai abinci. Daren Juma'a kuwa sai in tsinci kaina tsaye gaban firiji, ƙofa a buɗe, ina ci da hannu daga cikin roba, ko ɗumamawa ban tsaya yi ba. Ba daɗin abincin nake ji ba, haɗiya kawai. Washegari in ce ai an riga an ɓata, bari in ci gaba zuwa Litinin.

Da na ƙara abincin ranakun aiki, ina karyawa da safe, ina cin abin da zai riƙe ni da rana, sai haukan Juma'ar ya mutu da kansa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Saboda haka Baban Khalil, wannan ragin da ka ce kana yi a faranti, ragi ne ko horo da yunwa?

Zainabu_Daliba:
Anti Ummu Aiman, abin da kika faɗa mun karanta shi a aji. A 1975 wasu masana halayyar ɗan Adam, Peter Herman da Deborah Mack, sun yi gwaji da ɗalibai mata a Amurka. Wasu aka ba su haɗin madara mai kauri da zaƙi kofi ɗaya ko biyu, wasu ba a ba su komai ba, sannan aka ajiye wa kowa askirim aka ce ta ɗanɗana ta faɗi wanda ya fi daɗi. Waɗanda ba sa takura wa kansu a abinci, da suka sha madarar sai suka ci askirim kaɗan, don sun ƙoshi. Masu takura wa kansu kuwa, waɗanda suka sha madarar sun fi cin askirim ɗin a kan waɗanda ba su sha ba. Wato da zarar sun ji dokar ta karye, sai su saki gaba ɗaya. Shi ne daidai wancan "ai an riga an ɓata" da kika ce.

Malam_Sani:
Ni abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ake lissafa giya tare da abinci kamar abu ɗaya. Abinci halal ne, yawansa ne matsala. Giya kuwa kaɗan ɗinta ma haramun ne, ba Asabar ba Litinin. Baban Khalil, ka yi wa abokinka nasiha ya bari, shi ke nan an rufe wannan babin.

Yohanna_Y:
Baba Malam Sani, da girmamawa, ba duk wanda ke cikin wannan zaure ne addininsa ya hana shi ba, kuma ko cikin waɗanda ya hana akwai masu sha a ɓoye, su ma jikinsu na bukatar sanin gaskiya. Ni ina sha, ba na ɓoyewa. Irin tsarin abokin Baban Khalil nake yi, ranakun aiki ba na taɓawa, daren Asabar mu zauna da abokai. A ganina hakan ya fi na mai sha kullum, tunda hanta tana samun hutun kwana shida. Idan akwai likita a nan ina so in ji ko tunanin nan nawa yana kan hanya.

Hajiya_Kulu (mai kula da zaure):
Malam Sani ya faɗi matsayinsa, an ji, Allah ya saka da alheri. Yohanna ma ya yi tambayarsa cikin ladabi. Zauren nan na lafiyar jiki ne, don haka mu tsaya a kan abin da giyar take yi wa jiki. Duk wanda ya zagi wani zan goge saƙonsa.

Dakta_M:
Yohanna, tambayarka ita ce ta fi muhimmanci a duk zancen nan. Misalin asusun da Mai Lissafi ya kawo yana aiki a kan nauyin jiki, domin kitse a hankali yake taruwa kuma lissafin mako yana da ma'ana. A kan barasa ba ya aiki. Ita barasa, yawan da ya shiga jini a lokaci ɗaya shi ne babban abin dubawa.

Kwalbar giya mai mililita 500 da ƙarfin kashi 5 cikin 100 tana ɗauke da tsantsar barasa kusan giram 20, da kalori wajen 200. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar giram 60 a zama ɗaya a matsayin sha mai yawa, kwalba uku ke nan kacal. Hanta kuma tana iya sarrafa kimanin giram 8 ne a awa, da ɗan bambanci tsakanin mutane. Ka sha kwalba biyar cikin awa uku, giram 100 ke nan, hanta za ta kwana tana aiki har ta wayi gari ba ta gama ba. Duk tsawon lokacin nan ƙona kitse yana ja baya, domin jiki ba shi da wurin ajiye barasa, dole ita zai fara kawarwa. Naman da aka ci tare da ita sai ya jira, ko ya tafi ajiya.

A Birtaniya, shawarar da hukumomin lafiyarsu suka fitar a 2016 ta ce kada a wuce awo 14 a mako, kowane awo giram 8, wato kwalba biyar da rabi irin wadda na ambata. Amma sun ƙara da cewa mai shan wannan adadin ya raba shi a kwana uku ko fiye. Ba su ce a tara a zuba a dare ɗaya ba.

Sai zuciya. A 1978 wani likita a Amurka, Philip Ettinger, da abokan aikinsa suka lura ana yawan kawo mutane asibiti da rikicewar bugun zuciya bayan ƙarshen mako da lokutan hutu, mutanen da ba a san su da ciwon zuciya ba, abin da ya haɗa su shi ne sha mai yawa. Ni ma ina ganinsu. Mutum ne zai shigo da safiyar Litinin, kakkaura, da takalmin motsa jiki a ƙafarsa, ya dafe ƙirji ya ce zuciyarsa tana tsalle-tsalle tun jiya. Ka kama wuyan hannunsa ka ji bugun ba tsari, biyu da sauri, tsayawa, uku da sauri. Ka tambaye shi yana sha, ya ce a'a Likita, sai dai Asabar kawai. Irin wannan rikicewar tana iya sa jini ya daskare a cikin zuciya, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ban ma taɓo haɗarin mota, faɗuwa da faɗa ba, waɗanda su ma daren shan suke bi, ba jimillar mako ba.

Yohanna_Y:
Likita na gode, amma ka ɗan sa jikina ya yi sanyi. To ina maganar da aka daɗe ana yi cewa kofi ɗaya na jan ruwan inabi yana gyara zuciya? Idan na raba abin da nake sha a kwana uku ko huɗu kamar yadda ka ce, ke nan na tsira?

Dakta_M:
Ban ce ka tsira ba, na ce tarawa a dare ɗaya ya fi muni. Waccan maganar ta ruwan inabi ta samo asali ne daga binciken da ya kwatanta masu sha kaɗan da marasa sha, aka ga kamar masu sha kaɗan sun fi lafiya. Daga baya aka lura cewa cikin marasa shan akwai waɗanda rashin lafiya ce ta sa suka daina, ko tun asali ba su da lafiyar da za su sha. Da aka ware su, amfanin ya ragu ƙwarai, a wasu nazarce-nazarcen ma ya ɓace. Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke jawo kansa, wato ciwon daji, rukuni ɗaya da taba. Kansar baki, maƙogwaro, hanta, hanji da ta mama duk suna ciki. A watan Janairun 2023 hukumar ta fito fili ta ce babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya. Raguwa dai tana rage haɗari, kowace kwalba da ka bari riba ce.

Malam_Sani:
To ai ka ji. Likita ma inda na tsaya nan ya zo ya tsaya, sai dai shi ya biyo ta doguwar hanya.

Gwanin_Karfe:
Likita, akwai abin da ban gane ba. Na karanta cewa wanda ya tara motsa jikinsa na mako ya yi shi duka a Asabar da Lahadi yana samun amfani kamar mai yi kullum. Idan jiki ya yarda a tara masa alheri a kwana biyu, me zai hana ya yarda a tara masa shagali a kwana biyu?

Dakta_M:
Abin da ka karanta gaskiya ne. A 2023 an wallafa wani nazari a kan mutane kusan 90,000 a Birtaniya da aka ɗaura wa na'urar auna motsi a hannu. Waɗanda suka cika minti 150 na motsa jiki a mako amma suka yi yawancinsa a kwana ɗaya ko biyu, haɗarin ciwon zuciya da shanyewar jiki ya ragu a wurinsu kusan daidai da masu rarrabawa. Dalilin bambancin shi ne motsa jiki yana barin canji mai ɗorewa a tsoka da jijiyoyin jini, canjin yana bin ka cikin mako. Barasa kuwa illarta tana hauhawa ne da yawan da ke yawo a jini a wannan lokacin, kuma hanta ba ta da hanyar ƙara sauri don yau Asabar ce.

Zainabu_Daliba:
Mu koma kan abinci kaɗan, don shi ne ainihin matsalar Baban Khalil. A Jami'ar New South Wales da ke Ostareliya, Farfesa Margaret Morris da tawagarta sun yi gwaji da ɓeraye na mako 16. Kashi ɗaya abinci mai kyau kullum, kashi ɗaya kayan maiƙo da zaƙi kullum, kashi na uku kwana huɗu mai kyau, kwana uku kayan maiƙo. Da aka duba ƙwayoyin bakteriyar da ke hanjinsu, na kashi na ukun sun yi kama da na masu cin kayan maiƙo kullum, ba da na masu cin mai kyau ba. Wato kwana huɗun ba su isa su mayar da hanjin yadda yake ba.

Mai_Lissafi:
Malama Zainabu, ɓera ba mutum ba ne. Kwana uku a rayuwar dabbar da ba ta cika wuce shekara uku ba ai ba daidai yake da kwana uku a wurinmu ba. Ina ɗaukarsa a matsayin alama, ba hukunci ba. Ni lissafin kalori ya ishe ni hujja, ba sai an kira ɓeraye shaida ba.

Tsohon_Direba:
Ku duka kun manta barci. Yara na, ni na yi shekaru ina aikin da ba shi da lokacin kwanciya, na san abin da rashin barci ke yi wa ciki. Ranar da ban yi barci sosai ba, washegari ba abin da nake nema sai mai da zaƙi, kuma ba na jin na ƙoshi. Mai shagalin ƙarshen mako ba ci kaɗai yake yi ba. Yana kaiwa ƙarfe biyu na dare ido biyu, ya tashi da hantsi, daren Lahadi barci ya ƙi zuwa, Litinin ya tafi aiki kamar wanda aka daka. Tattakin safen ma ranar ba zai yiwu ba. Ke nan Asabar ta ci Litinin, wani lokaci har da Talata.

Nas_Jummai:
Baba Direba ya taɓo wuri mai kyau. Wani masanin barci a Jamus, Till Roenneberg, ya yi rubutu a kan wannan tun 2006, yadda bambancin lokacin barci tsakanin ranakun aiki da na hutu ke rikita agogon jiki, daga baya kuma aka ga yana da alaƙa da ƙiba. Ƙarancin barci yana ɗaga sinadarin da ke sa jin yunwa, ya sauke mai sa jin ƙoshi. Giya kuma tana sa mutum ya yi saurin yin barci, amma tana lalata rabin daren na biyu, ya yi ta farkawa yana zuwa fitsari. Ga masu shan farasitamol da safe don ciwon kan bayan maye, ku sani hantar da ta kwana tana fama ita ce dai za ta sarrafa maganin, kada a wuce ƙa'ida. Kofi mai ƙarfi ko wanka da ruwan sanyi kuma ba sa fitar da barasa daga jini, lokaci ne kaɗai ke yi.

Maman_Biyu:
Ni matsalata ba son raina ba ne, mutane ne. Ƙarshen mako ne lokacin ziyara. Ka je gidan mahaifiyarka ta cika maka faranti har yana zuba, ka ce ya isa ta ce ko ba ka da lafiya ne. Ka fita daga nan ka shiga wani gidan, a sake ajiye maka. Ka ƙi ci a ce girman kai. Ta yaya mutum zai kiyaye ba tare da ya ɓata wa manya rai ba?

Ummu_Aiman:
Maman Biyu, dabarata ita ce ni nake tashi in zuba da kaina kafin a zuba mini, in ce Mama zauna ki huta. In ci a hankali ina yabawa, farantin bai taɓa zama fanko da wuri ba balle a ƙara. Abin da ya rage in ce a ƙulle mini in tafi da shi, sai ta ji daɗi ma. Abin sha kuma ruwa nake riƙewa a hannu. Lemon gwangwani ɗaya mai mililita 330 yana da suga wajen giram 35, alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babba a rana kusan giram 50 ne. Gida biyu, lemo biyu, an wuce.

Sabo_Ne:
Anti, ranar da Mama ta gano wannan dabarar taki, babu ruwanmu.

Baban_Khalil:
Na gode ƙwarai, na karanta duka. Anti Ummu Aiman, tambayarki ta tsaya mini a rai, don gaskiya ranakun aiki sau da yawa ba na karyawa, kuma Juma'a da yamma yunwar da nake ji ba ta hankali ba ce. Bayanin Likita zan tura wa abokina yadda yake. Amma ga wata: idan na yi shagalina Asabar da Lahadi, sai in ƙi cin komai ranar Litinin, ko in sha irin shayin nan da ake cewa yana wanke ciki, hakan zai goge abin da ya wuce?

Nas_Jummai:
Shayin wanke ciki dai ka manta da shi. Yawancinsu maganin sa gudawa ne ko sa fitsari a ciki, abin da ke fita ruwa ne da gishirin jiki, kitsen yana nan inda yake. Hanta da ƙoda su ne masu wanke jiki, ba su nemi taimakon shayi ba. Ƙin cin abinci ranar Litinin a matsayin hukunci kuwa shi ne zai sake ɗaura maka yunwar da za ta fashe ranar Juma'a, ka koma gidan jiya. Ka ci abincinka na kullum kawai. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin, wannan hawa da saukar haɗari ne gare shi, musamman in da giya a ciki, domin tana hana hanta sakin suga, sugan jini ya faɗi cikin dare mutum yana barci.

Mai_Lissafi:
Akwai wata rajista a Amurka da aka buɗe a 1994, ta mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 da ɗoriya kuma suka riƙe ragin shekara guda ko fiye. A wani nazari da aka yi a kansu a 2004, waɗanda cimarsu iri ɗaya ce a ranakun aiki da ƙarshen mako sun fi sauran yiwuwar riƙe nauyinsu a shekarar da ta biyo da kusan ninki ɗaya da rabi. Ni a nan na tsaya. Abin daɗi a ci shi, amma cin abinci ɗaya ne, ba kwana biyu da rabi ba.

Gwanin_Karfe:
Ninki ɗaya da rabi ba yana nufin sauran duk sun faɗi ba, Malam. Akwai kuma binciken 2014 da ya bi nauyin mutane kullum, ya ga kusan kowa yana hawa Lahadi da Litinin ya sauka zuwa Juma'a, har da waɗanda suke ramewa. Bambancin shi ne masu ramewa suna komawa kan tsarinsu da wuri. Don haka hawan ba shi ne laifi ba. Ni ranata ɗaya tana nan, ba na sha, ba na raba dare, kuma awon jinina na ƙarshe lafiya lau. Wanda tsarin ya karɓe shi ya riƙe abinsa.

Ummu_Aiman:
Kai ya karɓe ka, ƙanina. Wanda cin rana ɗaya ke buɗe masa ƙofar kwana uku, shi bai karɓe shi ba, kuma irinsu sun fi irinka yawa a zauren nan.

Yohanna_Y:
@Dakta_M kafin ka sauka, akwai wani cikin abokan zamanmu da ke shan maganin hawan jini. Duk ranar Asabar sai ya tsallake maganin, wai kada ya haɗu da giya a ciki, ya ci gaba ranar Litinin. Mun yi masa magana ya ce shi ya san jikinsa. Wanne ya fi haɗari, ya sha maganin ya sha giyar, ko ya tsallake ɗin?

Dakta_M:
Kada ya tsallake. Sha mai yawa yana ɗaga hawan jini a awannin da ke biyo baya, shi kuma ya janye kariyarsa daidai lokacin, wasu magungunan ma in aka tsayar da su kwatsam jinin da bugun zuciya sukan yi tsalle. Amma haɗa su ma yana iya sa jiri da faɗuwa, ya danganta da irin maganin. Ya je ya faɗa wa likitansa gaskiyar yawan da yake sha, ba rabin gaskiya ba. Ka tambayo mini sunan maganin da yake sha, da ko yana da na'urar awon jini a gida.